Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Abincin Italiya Na Asali Idan Za Ka Yi Kyauta

Kwandon kyauta na kayan abincin Italiya akwai ɗaukar ido: ƙyalle mai kore da fari da ja, ciyawar ado, kwalabe masu dogon wuya, leda sai sheƙi take yi. Amma sau da yawa idan aka kwance shi sai a tarar rabin kuɗin a kwando da ciyawa ya tafi, sauran rabin kuma a kayan da ko dai ba a Italiya aka yi su ba, ko kuma wanda aka bai wa ba zai iya cinsu ba. Abin yana da ban takaici, domin ba kowace ƙasa ce abincinta ya dace da kyauta kamar na Italiya ba. Yawancinsa busasshe ne ko na gwangwani, yana jure tafiya, kuma akwai dokoki masu tsauri a kansa da ke bai wa mai saye damar gane na gaske ko da bai taɓa taka Roma ba. Abu uku ko huɗu na ƙwarai, waɗanda mutum zai buɗe ya ci, sun fi tarkace goma sha biyu da za su kwana a kabad har su lalace. Ga yadda ake kai wa gare su.

Mataki na farko: fara da mutumin, ba da kanti ba

Kafin ka duba farashin komai, ka yi wa kanka tambayoyi game da gidan da kayan za su shiga. Akwai mai son girki a gidan, mai sha'awar gwada sabon abu? In akwai, man zaitun da taliya da tumatir za su yi amfani. In babu, ka karkata ga abin da ake buɗewa a ci nan take, kamar biskit, cakulan, zuma ko gahawa. Gidan yana da firij da wutar da za a dogara da ita? In babu tabbas, ka cire cuku daga lissafi tun yanzu. Akwai wanda jikinsa ba ya son gyaɗa da danginta, ko ƙwai, ko alkama? Kayan zaƙin Italiya cike suke da waɗannan. Dattijo mai ciwon suga kuwa, kwalbar man zaitun mai kyau ta fi masa kwalin alawa daraja nesa ba kusa ba.

Sai babbar tambaya ga yawancinmu, wato abin da addinin mutum ya halatta masa. Wannan shi kaɗai ya isa mataki guda.

Mataki na biyu: karanta bayan kwali

Abincin Italiya ya ginu sosai a kan alade da giya, kuma ba kullum suke fitowa fili ba. Na fili ba su da wuyar kaucewa: prosciutto, salame, pancetta, guanciale, mortadella, speck, coppa, culatello da 'nduja duk a asalinsu naman alade ne. Masu haɗa kwandon kyauta suna yawan saka ɗaya daga cikinsu a tsakiya domin shi ne abin alfaharinsu. Bresaola, busasshen naman da ake yi a kwarin Valtellina, na shanu ne, amma maganar yanka tana nan, saboda haka sai in akwai shaidar halal a jikinsa.

Waɗanda ke ɓuya su ne abin lura. A ƙarƙashin kalmar ingredienti, wato jerin kayan haɗi, ka nemi waɗannan: maiale da suino suna nufin alade, strutto narkakken kitsen alade ne, lardo ma kitsensa ne. Vino giyar inabi ce, alcool barasa ce, haka liquore, rum, marsala, grappa da limoncello. Gelatina kuma, in ba a faɗi tushenta ba, a Turai galibi daga alade ko sa ake samunta.

Strutto shi ya fi yaudarar mutane domin yana shiga abubuwan da ba za ka zata ba. Gurasar piadina ta yankin Romagna da shi ake yinta a al'ada. Taralli, ƙananan biskit masu siffar zobe da ke cika kwandunan kyauta, iri biyu ne: na Napoli da strutto da barkono ake kwaɓa su, na Puglia kuma da man zaitun da farar giya. Ɓawon cannoli na Sicilia a al'ada akwai strutto da marsala a cikinsa. Wasu sandunan grissini ma sukan zo da shi, wasu kuma da man zaitun zalla. Babu hanyar sani sai karantawa, kuma minti ɗaya kacal take ci. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta kayan haɗi a jere daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka jerin yana kuma gaya maka ingancin abin: wanda aka fara ambata shi ya fi yawa a ciki.

In kyautar ta abokin aiki ce ko maƙwabci wanda ba Musulmi ba, shi ma a tambaya ko a lura. Akwai Kiristoci da yawa da ba sa kusantar barasa ko alade.

Mataki na uku: tamburan nan guda biyu

Akwai ƙananan tambura masu zagaye guda biyu da ya kamata idonka ya saba da su. Mai launin ja da rawaya shi ne DOP. Ma'anarsa kayan haɗin da aikin sarrafawar duka daga yanki guda takamaimai suke, bisa ƙa'idar da aka rubuta, kuma akwai masu sa ido. Mai shuɗi da rawaya shi ne IGP, wanda ya ɗan fi sassauci: wani muhimmin sashe na aikin a yankin aka yi, amma kayan haɗin na iya zuwa daga wani wuri.

Tutar Italiya a jikin kwali ba shaida ba ce, hoton hasumiyar Pisa ma haka, balle suna mai kama da na Italiya. Kasuwar kayan da ke kwaikwayon sunayen Italiya babba ce a duniya. Cukun da aka rubuta wa Parmesan a wajen Turai ana iya yin sa a ko'ina da kowace irin madara. Sai dai kada ka ɗauka duk abin da ba shi da tambari na banza ne. Ƙananan manoma da yawa suna yin kaya masu kyau ba tare da sun biya kuɗin rajista ba. Amfanin tambarin shi ne yana kare mai saye daga nesa, wanda bai san manomi ba kuma ba zai iya ɗanɗanawa ba.

Mataki na huɗu: zaɓi abu guda da zai zama kan kyautar

A nan ne mafi yawan kuɗin ya kamata ya tafi. A ganina man zaitun ne zaɓi na farko ga mai ba Bahaushe kyauta. Babu shubuha a cikinsa, ba ya neman firij, kuma mutanenmu sun riga sun san darajarsa. An ambaci zaitun a Alƙur'ani, kuma ya daɗe cikin tsarabar alhazai.

Ka nemi olio extra vergine di oliva. Wannan shi ne matakin ƙoli, man da aka matse da inji kawai ba tare da sinadari ba, wanda tsaminsa a awo bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba. In ka ga olio di oliva kawai, haɗi ne da man da aka tace a masana'anta. In ka ga sansa, daga tunkuzar zaitun aka tatso shi, bai kai matsayin kyauta ba. Daga nan ka duba asalinsa. Kwalabe da yawa a Italiya aka ɗura su amma man haɗin gambiza ne daga ƙasashe daban-daban, kuma doka ta tilasta a faɗi haka. Za ka ga kalmar miscela da ambaton Tarayyar Turai cikin ƙananan haruffa. Abin da kake so shi ne 100% italiano, ko mafi kyau, DOP ko IGP na yanki guda.

Shekarar girbi ta fi komai muhimmanci, kuma ita aka fi mantawa. Ana tsinkar zaitun a Italiya daga Oktoba zuwa Disamba, kuma man ba ya ƙara kyau da daɗewa, raguwa yake yi. Masu mai na kirki suna rubuta kakar girbi a jikin kwalba. Ka ɗauki na kakar da ta fi kusa. A ƙa'ida ana so a ƙarar da shi cikin kamar watanni 18 da ɗurawa, a ƙasa mai zafi kuwa gara ya ƙare kafin nan. Kwalbar ta zama mai duhu ko gwangwani, domin haske yana kashe shi. Farar kwalbar da ke nuna launin zinariya a kan kanta tana da kyan gani, amma man da ke cikinta ya sha rana. Wanda ba a tace ba, mai gurɓi-gurɓi, yana da daɗi a makonnin farko bayan matsa, sai dai ya fi saurin lalacewa, don haka ga tafiya mai nisa tatacce ya fi.

Ɗanɗano kuma ya danganta da yanki da irin zaitun. Puglia ce ta fi kowane yanki yawan mai, kuma irin Coratina nata yana da ɗaci da yajin da ke kama maƙogwaro har ya sa tari. Wannan ba aibi ba ne, alamar sabon mai ce mai ƙarfi, amma wanda bai saba ba zai iya zaton ya lalace. Man Toscana, daga irin Frantoio da Moraiolo da Leccino, yana da ƙamshin ɗanyen ganye da yaji matsakaici. Nocellara del Belice na Sicilia yana da ƙamshi mai kama da ɗanyen tumatir. Taggiasca na Liguria shi ne mafi laushi, ba ɗaci sosai. Ga wanda zai fara, na Liguria ko na Sicilia zan zaɓa. Coratina sai ga wanda bakinsa ya riga ya san man zaitun.

Zaɓi na biyu shi ne cuku, kuma sarkinsu Parmigiano Reggiano. A lardunan Parma, Reggio Emilia, Modena da wani sashe na Bologna da Mantova kaɗai ake yin sa, da abu uku: ɗanyar madarar shanu, gishiri, da caglio, wato abin da ke daskarar da madara. Dunƙule guda yana kai kimanin kilo 40, kuma yana cin madara wajen lita 550. Ba a kiransa da wannan suna sai ya yi aƙalla watanni 12 a rumbu, sannan ƙwararru su ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma su saurari sautinsa, in ya ci jarrabawa a buga masa hatimi da wuta. Saboda haka ka sayi yanki mai ɓawo, domin a jikin ɓawon ne aka rubuta sunan da ɗigo-ɗigo. Gogagge na cikin leda ko roba ba kayan kyauta ba ne. Mai watanni 24 shi ne tsaka-tsaki da kowa zai so. Mai 36 ya fi bushewa da ƙarfi. Fararen ƙwayoyin da ke ƙaras-ƙaras a cikinsa ba gishiri ba ne kuma ba lalacewa ba ce, daɗewa ce ke haifar da su. Aikinsa a abinci irin na daddawa ne a miya: kaɗan ake sawa, ya ɗaga ɗanɗanon komai.

Sai dai akwai maganar caglio. Ƙa'idar Parmigiano ta ce dole daga cikin ɗan maraƙi za a samo shi. Grana Padano, wanda ya fi araha kuma yake fara fita daga watanni 9, shi ma haka, kuma galibinsa akwai wani sinadari daga ƙwai a ciki. Pecorino Romano na madarar tumaki ne da caglio na ɗan rago, mai gishiri sosai. Malamai sun yi saɓani game da cukun da aka daskarar da abin cikin dabbar da ba a san yankanta ba, wasu sun halatta, wasu sun hana. Kai mai kyauta ba naka ba ne ka yanke wa wani hukunci. Akwai masu yin Parmigiano da ke da shaidar halal, ka nemi nasu. Akwai kuma wasu cukun da aka rubuta wa caglio vegetale ko caglio microbico, waɗanda babu dabba a cikin abin daskarar da su. In ba ka samu ko ɗaya ba kuma ba ka san ra'ayin mutumin ba, ka koma ga man zaitun.

Na uku shi ne khal ɗin balsamiko, kuma a nan ake tafka babbar yaudara domin abu biyu ne masu suna kusan ɗaya. Aceto Balsamico Tradizionale, na Modena ko na Reggio Emilia, mai DOP, daga dafaffen ruwan inabi kaɗai ake yin sa. Yana shekara aƙalla 12 yana bin jerin gangunan katako daga babba zuwa ƙarama, a saman gidaje inda zafin bazara da sanyin hunturu ke aiki a kansa. Wanda ya kai shekara 25 ana kiransa extravecchio. A kwalba mai mililita 100 kaɗai ake sayar da shi, kuma ta Modena mai ƙwallon ciki ce, Giorgetto Giugiaro mai zanen motoci ne ya tsara ta. Da ɗigo ake amfani da shi, a kan gasasshen nama ko cuku ko 'ya'yan itace, kuma yana da tsada ƙwarai. Ɗayan, Aceto Balsamico di Modena mai IGP, haɗi ne na ruwan inabi da khal ɗin giya, wanda kwana 60 ya ishe shi, sai in an rubuta invecchiato, wato ya yi shekara 3. Shi ma akwai mai kyau a cikinsa: ka ɗauki wanda mosto, wato ruwan inabi, ya zo farko a jerin kayan haɗi kuma babu caramello, wato ƙonannen sukari. Abin da aka rubuta wa glassa ko crema kuwa miya ce da aka kaurara, ba balsamiko na asali ba. Duk khal ɗin inabi ta hanyar giya yake bi kafin ya zama khal, kuma malamai suna da bayani a kan wanda ya juya da kansa da wanda aka juyar da gangan. Mutane da yawa suna amfani da shi hankali kwance, wasu kuma suna kaucewa. Ka san wanda kake bai wa.

Mataki na biyar: kewaye shi da abin da zai zama abinci guda

Kuskuren kwandunan kanti shi ne kayan cikinsu ba sa haɗuwa. Ka yi tunanin faranti ɗaya, ka sayi abin da zai samar da shi.

Taliya ba ta da tsada ko da mafi kyawunta ce, kuma bambancin a bayyane yake. Tun 1967 dokar Italiya ta ce busasshiyar taliya da alkama mai tauri za a yi ta. Ka nemi kalmomin trafilata al bronzo, wato an matso ta ta bakin tagulla. Irin wannan fatarta garas-garas take, fara-fara kamar an barbaɗa mata gari, kuma miya tana kama jikinta. Mai santsi da sheƙin rawaya an matso ta ta roba an busar da ita da sauri cikin zafi mai yawa. Garin Gragnano da ke kusa da Napoli ya shahara da wannan sana'a, kuma taliyarsa ta samu IGP a 2013. Ga tafiya, gajeru masu kauri irin su rigatoni sun fi jure matsi. Spaghetti ma tana jurewa in an kwantar da ita a gefen akwati. Masu siffar sheƙar tsuntsu da manyan bututu irin paccheri su ne ke farfashewa. Taliya mai launuka bakwai da ake sayar wa masu yawon buɗe ido ka bar ta a kanta.

Tumatir kuma San Marzano, mai DOP, daga filayen da ke kusa da dutsen Vesuvio. Ƙa'idarsa ta yarda da feraye ɗungurungum ko tsagaggu kawai, saboda haka duk markaɗaɗɗe ko yankakken da ke iƙirarin DOP ɗin San Marzano ba gaskiya ba ne. Gwangwani na asali yana da tambarin da lambar ƙungiyar manoman. Yana da nauyi a akwati, amma guda biyu sun isa.

Ga mai son gwaji, shinkafar risoto irin Carnaroli daga filayen Vercelli ko Pavia, tare da ɗan ƙullin za'afaran na L'Aquila, kyauta ce mara nauyi mai daraja. Sai dai ba a dafa ta wara-wara kamar tamu, ana zuba mata romo kaɗan-kaɗan ana juyawa, don haka sai ga wanda zai bi bayani. Kifin gwangwani ma abin dubawa ne: tuna cikin man zaitun, musamman ventresca, wato tsokar cikinsa mai laushi, da ƙananan kifaye masu gishiri na ƙauyen Cetara. Pesto na kwalba, miyar ganyen basiliko ta Genova, sai an karanta: mai kyau da man zaitun da pinoli, wasu ƙananan ƙwayoyi dangin gyaɗa, ake yin sa, mai araha da man sunfulawa da kashu, kuma kusan dukkansu akwai cuku.

Mataki na shida: kayan zaƙi da gahawa

A gida mai yara ko mai yawan baƙi, wannan sashe ne zai fi faranta rai. Torrone, alawar zuma da farin ƙwai da almon, wadda garin Cremona ya yi suna da ita, tana tafiya lafiya, musamman mai taurin. Cantucci na Prato busassun biskit ne masu almon da ke daɗewa, kuma suna shiga da shayi sosai. Amma ka lura, a kwalin kyauta sau da yawa ana haɗa su da kwalbar Vin Santo, wadda giya ce. Biskit ɗin amaretti ma suna jure hanya.

Cakulan shi ne mai matsala da zafi. Gianduiotto na Torino, wanda ake haɗawa da ƙwayar nocciola, dangin gyaɗa, ta yankin Piemonte tun 1865, yana da daɗi matuƙa amma ko a tafin hannu narkewa yake. Aika shi Kano ko Sakkwato ko Yamai tsakanin Maris da Mayu asarar kuɗi ce. Cakulan na garin Modica a Sicilia, mai IGP tun 2018, shi ya fi dacewa da ƙasa mai zafi. Ana sarrafa shi da ɗumi kaɗan ta yadda sukarin ba ya narkewa, sai ya fito tsaki-tsaki a baki, kuma ya fi sauran jure ɗumi. Duk cakulan mai ruwa a ciki ka duba shi sau biyu saboda barasa.

Pistacchio, wata ƙwaya mai koren ciki dangin gyaɗa, na garin Bronte da ke gindin dutsen Etna a Sicilia, sau ɗaya a shekara biyu ake girbinsa, shi ya sa yake da tsada kuma jabunsa ya yi yawa. In man shafa wa burodi za ka saya, duba kashi nawa ne pistacchio a ciki. Wasu kwalaben sukari da mai ne kawai da launin kore.

Panettone na Milano na lokacin Kirsimeti ne, kuma kyauta ce mai kyau ga iyalin da ke bikin. Dokar Italiya ta 2005 ta kayyade cewa man shanu ba zai gaza kashi 16 cikin ɗari ba. Na gargajiya zabibi da ɓawon lemo ne a ciki, amma akwai masu kirim na giya, wasu kuma ana fesa musu barasa don su daɗe, kuma za ka ga haka a rubuce. Na hannu ba ya wuce 'yan makonni.

Gahawa sai ka san abin da mutum yake dafawa da shi. In ba shi da komai, ka haɗa masa da moka, 'yar butar nan mai kusurwa takwas da Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, da garin da aka rubuta wa macinato per moka. Butar za ta shekara tana aiki bayan garin ya ƙare.

Abin da za ka bari ko da ya burge ka

Man tartufo. Tartufo wani irin naman kaza ne da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, kuma farinsa na garin Alba yana cikin abinci mafi tsada a duniya, amma kwana kaɗan yake yi bayan an tono shi. Yawancin man da ake sayarwa da sunansa ƙamshin roba ne, za ka ga kalmar aroma a baya. Haka sabbin cuku masu laushi irin su mozzarella, burrata da ricotta, da kuma ɗanyar taliya: a ci su a can, ba sa tafiya.

Mataki na bakwai: saye, ɗauri da hanya

In kai ne a Italiya, ko kana da wanda zai taho, kantunan filin jirgi su ne mafi tsada da ƙarancin zaɓi. Kasuwanni irin su Quadrilatero a Bologna da Mercato Centrale a Firenze, ko shagunan Eataly da aka fara buɗewa a Torino a 2007, sun fi. Babban kantin unguwa ma yana da Parmigiano da taliyar Gragnano na gaske a farashin 'yan gari. Ka ce a ɗaure maka cukun sottovuoto, wato a zuƙe iskar ledar. A haka yana jure tafiyar yini guda ba firij, amma da isa a saka shi a sanyi. Mai da khal da man pistacchio duk ruwa ake lissafa su a filin jirgi, don haka su shiga babban akwati, kowace kwalba cikin leda mai zif sannan a naɗe ta da tufafi a tsakiya. Gwangwanin mai ya fi kwalba kwanciyar hankali. Ka bincika dokar kwastan ta ƙasar da za a shiga, domin ƙasashe da yawa suna hana nama da wasu kayan madara.

In a manyan kantunan Abuja ko Legas ko Kano za ka saya, abin dubawa shi ne kwanan wata da inda kayan suka zauna. Rubutun da ya fara da kalmomin "da consumarsi" yana nuna lokacin da ya kamata a cinye. Kwalbar man da ke gaban tagar da rana ke duka ka bar ta, ka ɗauko ta can baya. Gwangwani mai kumburi ko tsatsa kada ka taɓa. In ta intanet ne, ka nemi hoton bayan kwalin kafin ka biya, kuma ka fi son mai sayarwa da ke ba ka damar zaɓen kaya ɗaya-ɗaya a kan kwandon da aka riga aka haɗa.

Mazubi ba ya buƙatar tsada. Kwali mai ƙarfi da tawul ɗin kicin mai kyau, ko faifai ko kwandon kaba na gida, sun wadatar. Masu nauyi a ƙasa, biskit a sama, kuma kada kwalba ta taɓa kwalba.

Mataki na ƙarshe: rubuta masa yadda zai ci

Ba kowa ne zai tambaya ba, kunya takan hana, sai a ajiye man ana jiran wata rana ta musamman har ya yi ɗoyi, ko a soya doya da shi. Ka saka 'yar takarda da rubutun hannunka. Ka ce man a ɗanye ya fi daɗi, a kan salak, dafaffen wake, gasasshen kifi ko burodi, kuma a ajiye shi nesa da murhu da taga. Ka ce cukun a naɗe shi da takarda a firij, a goga daidai wanda za a ci, ɓawon kuma a jefa shi cikin miya. In ka tabbatar babu alade ko barasa a kayan, ka rubuta haka, domin mutum ya ci da natsuwa.

In kyautar taliya ce da tumatir da mai, ka rubuta masa girkin gaba ɗaya, saboda yadda aka saba dafa taliya a gidajenmu zai ɓata wannan. Giram 100 ga mutum ɗaya, ruwa lita ɗaya da gishiri giram 10 ga kowane giram 100. Kada a kakkarya ta, kada a zuba mai a ruwan, kada a ɗauraye ta da ruwan sanyi. A ɗumama man zaitun da tafarnuwa ɗaya ko biyu a kasko, a murƙushe tumatirin da hannu a zuba, a sa gishiri da ɗan attarugu in ana so, ya yi minti 15 zuwa 20 a wuta kaɗan. A tsame taliyar saura minti ɗaya ta cika lokacin da aka rubuta a ledarta, a juye ta cikin miyar da ludayi guda na ruwan dahuwarta, a yi ta juyawa har miyar ta kama jikinta. A sauke, a zuba ɗanyen mai a kai, a goga cuku in akwai, a ci da zafinta.